Wace Ce Ta Fi Ƙarfi? Nasiha ga Matasa Masu Buga Pokémon

Ƙannena, akwai tambayar da ba ku gajiya da ita: a cikin halittun Pokémon, wace ce ta fi ƙarfi? Kuna yin ta a makaranta, kuna yin ta a majalisa, wani lokaci har da tayar da jijiyar wuya. Can sai wani ya zaro waya ya nuna jadawalin da aka jera halittun daga sama zuwa ƙasa, ya ce magana ta ƙare. Abokinsa kuma da ya ga an jefa wadda yake ƙauna can ƙasa, sai ya ce ai jadawalin duk shirme ne. Dukansu biyu ba su karanta abin da ke gabansu ba. Jadawalin yana faɗin gaskiya, amma amsar wata takamaimiyar tambaya yake bayarwa, kuma sai ka san tambayar kafin amsar ta amfane ka.

Lokacin da kamfanin Game Freak ya fitar da wasan a Japan a 1996, halittu 151 ne kacal. Yau sun kai 1,025, an kasa su nau'i 18, irin su wuta, ruwa, ciyawa, lantarki, dutse da ƙasa, kowane nau'i da wanda yake ci da wanda ke cin sa. Kai kuma shida kawai za ka shiga fili da su, kowace da salon hari huɗu, da baiwa ɗaya, da kaya ɗaya da za ta riƙe. Babu kan da zai riƙe wannan lissafi duka. Don haka buƙatar jadawali ta gaske ce, kada wani ya raina muku ita.

Jadawalin da aka fi yawo da shi na wata jama'ar 'yan wasa ce mai suna Smogon, wadda ta kafu a 2004. Ba Nintendo ce ta kafa ta ba, masu sha'awa ne suka haɗa kansu suka tsara dokokin karawar shida da shida, inda kowane ɓangare ke fito da halitta ɗaya a lokaci guda. Babban ajinsu shi ne OU. Ƙarƙashinsa akwai UU, sai RU, sai NU, sai PU. A sama kuma akwai Ubers, inda ake kai waɗanda ƙarfinsu ya yi wa OU yawa, irin su Mewtwo da Kyogre.

Ga abin da yawancinku ba su sani ba: ba zama ake yi a auna ƙarfin halitta a sa ta a OU ko UU ba. Ƙirga ake yi. Akwai manhajar Pokémon Showdown da aka buɗe a 2011, kyauta ce, a wayar hannu ma tana buɗewa, kuma karawar da ake yi a cikinta tana shiga lissafi, ana ba zaɓin gwanaye nauyi fiye da na 'yan koyo. Halittar da ta bayyana a sama da kashi 4.52 cikin ɗari na tawagogin OU, ta zama 'yar OU. Wadda ta gaza, sai ta sauka ajin da ke ƙasa, a can ma a sake ƙirgawa. Wannan lamba ba da ka aka tsinto ta ba: ita ce iyakar da idan ka yi karawa 15, yiwuwar ka gamu da halittar aƙalla sau ɗaya ta kai rabi. A da 3.41 ce, bisa karawa 20. Ke nan idan aka ce halitta 'yar OU ce, abin da aka gaya maka shi ne mutane suna yawan ɗaukar ta. Kamar farashin hatsi ne a kasuwar Dawanau: zai nuna maka abin da ake rububi a kansa wannan makon, kuma jama'a ba sa rububi a banza, amma ba zai gaya maka abin da tukunyar gidanku ke buƙata ba.

Kora daga aji ce kaɗai ke tafiya da hukunci. Idan aka ga wata halitta ta addabi aji, sai a sa ta a gwaji, duk wanda ya kai wani matakin nasara a cikin kwanakin gwajin ya samu ƙuri'a, kuma a OU sai kashi 60 cikin ɗari sun amince ake korar ta. Wani lokaci shugabannin ajin kan yi korar gaggawa idan abin ya fito fili. A ƙarshen 2014 ma an samu wadda Ubers ɗin kansa ya kasa ɗauka, wato Mega Rayquaza, dole aka buɗe wani fili mai suna AG inda kusan komai ya halatta.

Ban da wannan, kowane aji yana da jadawali na biyu, mai S da A da B da C, wanda gwanayen ajin ke tsarawa bisa amfanin halitta a wannan filin. Shi ne ya fi kusa da tambayarku, kuma sau da yawa yakan saɓa da na farko. Ku ɗauki Quagsire. Jimillar lambobin ƙarfinta 430 ce, ba ta da sauri, ba ta da bugu, mazauninta ajujuwan ƙasa ne. Amma a zamanin wasannin Diamond da Pearl akwai masu ɗaukar ta su shiga Ubers da ita, don Kyogre kawai. Manyan makaman Kyogre ruwa ne da tsawa. Quagsire tana da baiwar shanye harin ruwa ya zame mata magani, kuma da yake tana da nau'in ƙasa, lantarki ba ya taɓa ta. Ƙatuwar da ke share tawaga guda sai ta zo gaban wannan 'yar sanyin jiki ta rasa abin yi.

Kuskuren da ya fi kama sabon shiga shi ne duba jimillar lambobi. Slaking tana da 670, daidai da Kyogre da Groudon, ƙarfin bugunta kuma 160. A takarda babu mai tsayawa gabanta. Sai dai baiwarta lalaci ce: in ta yi hari a wannan zagaye, a na gaba kwanciya take yi. Abokin karawa mai wayo zai yi amfani da Protect ya kare kansa a zagayen da take bugu, ya yi abin da ya ga dama a zagayen da take hutu, haka har ta faɗi ba ta taɓa shi ba. Clefable kuwa jimillarta 483 ce, babu lambarta ko ɗaya da ta wuce 95, amma ta shafe shekaru a sahun gaba na OU. Tun da aka mayar da ita nau'in Fairy a 2013 harin nau'in Dragon ya daina taɓa ta, tana iya mayar da rabin jininta da kanta, kuma tana da baiwar da ke hana guba da ƙuna da tarko rage mata komai.

Maganar tarko ta kawo mu kan Charizard, wadda na san da yawanku saboda ita kuka fara son wasan. A 2006 aka shigo da wani salo mai suna Stealth Rock: mutum ya watsa duwatsu a ɓangarenka sau ɗaya, daga nan duk halittar da ka shigo da ita sai sun sare ta. Ga yawancin halittu, kashi ɗaya cikin takwas na jini suke ci. Amma dutse yana cin wuta ninki biyu, yana cin mai tashi sama ninki biyu, Charizard kuma ta haɗa duka biyun. Rabin jininta ke tafiya tun kafin ta buɗe baki. A mataki na 100, idan ba a ƙara mata komai ba, jininta 297 ne. Shigowar farko duwatsu su ci 148, ta biyu su ci 148, saura 1. Shi ya sa masana ke kula su bar jininta a lamba mara, don da 298 ne, shigowa ta biyu gawa ce. Karawar gwanaye kuwa kusan rabinta shiga da fita ce: ka janye wannan, ka turo waccan ta karɓi bugun da ba zai cutar da ita ba. Halittar da ba ta iya shiga sau uku ta zama kaya a kanka. Ba ƙiyayya ce ta sauke Charizard ba, lissafin nan ne. Sai a 2019 aka kawo takalman da ke hana tarko aiki, suka ba irinta sarari, amma wadda ta sa takalmi ta rasa damar riƙe kayan da zai ƙara mata bugu.

Irin wannan ƙaramin lissafi shi ke ƙarƙashin kowane layi na jadawali. Saurin Garchomp 102 ne, alhali akwai tarin halittu masu 100. In an cika wa kowa saurinsa, ita tana da 333, su 328, kuma wanda ya fi ko da ɗigo ɗaya ne shi ke fara bugu. Tazarar biyar ɗin nan ta kashe wasanni da ba su ƙirguwa.

Sai ku kula da wane fili jadawalin ke magana a kai. Gasar da kamfanin Pokémon ke shiryawa da kansa, wadda ake kira VGC, dokarta daban: halittu biyu-biyu ne a fili, ka zo da shida ka zaɓi huɗu, kowa a mataki na 50. Wannan ya juya komai. Incineroar a karawar ɗaya-ɗaya ba kowa ba ce, a ajujuwan ƙasa take. A biyu-biyu kuwa da wuya a samu wadda ta kai ta farin jini, domin shigowarta kaɗai na rage ƙarfin bugun abokan gaba biyu a lokaci guda, ta kuma mari ɗaya ta hana shi motsi a zagayen farko, abokiyarta ta samu sararin aiki. Flutter Mane kuma, da wasannin Scarlet da Violet suka fito a Nuwamban 2022, ba ta yi ko wata guda a OU ba aka kore ta. Amma a VGC an bar ta, har tana cikin tawagar Shohei Kimura da ya ci kofin duniya a Yokohama a 2023. A can za a iya haɗa mata kai biyu a kayar da ita, jikinta kuma ba ƙwari. Duk wanda ya ɗauko jadawalin wani fili ya shiga wani da shi, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Lokaci ma haka. A wasan farko na 1996 kusan babu tawagar gwani da ba ta da Tauros. A wancan tsarin, sauri ne ke ƙayyade yawan bugun sa'a mai ninka ɓarna, nata kuma yakan faɗo kusan sau ɗaya cikin biyar. Ga Hyper Beam da ba ya sa ta hutu idan ya kashe. Wasan da ya biyo baya ya gyara duka biyun, sarautarta ta ƙare. Talonflame ta yi tashe daga 2013 saboda baiwar da ke sa harinta na sama ya riga na kowa. A 2016 aka ce baiwar ba ta aiki sai jininta na cike, ga shi babban harinta yana rage mata jini da kansa, ga duwatsu na jiran ta. Nan take ta fice daga OU. Labarin Houndstone ya fi ban dariya: an kore ta zuwa Ubers tare da Flutter Mane, saboda wani hari da ƙarfinsa ke farawa daga 50 yana ƙaruwa da 50 duk lokacin da abokiyarta ɗaya ta faɗi. Daga baya aka haramta harin aka sake ta, sai ga ta ta gangaro can ƙasa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take yi, don haka ku duba kwanan watan jadawali kafin ku kafa hujja da shi.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya ku saurara, domin nan ne masu ƙin jadawali ke fakewa. A cikin wasannin Gold da Silver akwai wata gwana mai suna Karen da ke nuna cewa ƙwararre na gaske da waɗanda yake so yake neman nasara. A cikin labarin wasa wannan daidai ne, tunda kwamfuta kake kara da ita, kuma kana iya renon halittarka ta zarce kowa a mataki. Gaban ɗan Adam mai tunani, wanda matakinku ɗaya, zancen ya bambanta. Da an faɗi haka sai ku ce: to Pachirisu fa?

A watan Agustan 2014, a birnin Washington na Amurka, Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya ci kofin duniya da Pachirisu a tawagarsa. 'Yar kurege ce fara mai lantarki, jimillar lambobinta 405, wadda kafin ranar ba wanda ke kallon ta sau biyu. A wasan ƙarshe da Jeudy Azzarelli ta karɓi harin Draco Meteor daga Salamence ta tsaya da ƙafafunta, zauren ya ɗauki ihu. Tun daga nan ta zama hujjar duk wanda ke son shiga gasa da abin da ransa ya raya masa.

Amma ku dubi yadda aka yi ta shiga tawagar. Park yana da Gyarados da ke buƙatar zagaye ɗaya ko biyu ta yi rawar da ke ƙara mata ƙarfi da sauri, kuma lantarki shi ne ajalinta. Yana buƙatar wadda za ta tsaya gefenta ta janye hare-hare zuwa kanta. Wadda kowa ke ba wannan aiki a shekarar ita ce Amoonguss. To da yake kowa ya san da ita, kowa ya yi mata shiri. Da hoda take janye hari, kuma tun 2013 hoda ba ta aiki a kan nau'in ciyawa ko a kan mai sanye da wani tabarau na kariya. Ga wuta da masu tashi sama da ke cin ta sun cika fili. Pachirisu tana yin aikin da Follow Me, wanda ba hoda ba ne, babu tabaran da ke tare shi. Baiwarta kuma shanye lantarki ce: a harbo wa Gyarados tsawa, ita ta janyo ta, jininta ya ƙaru. Tana da Nuzzle da ke sanƙarar da abokin gaba duk lokacin da ya same shi, da Super Fang da ke raba jininsa biyu ba ruwansa da rashin ƙarfinta. Sauran tawagar fa? Garchomp, Talonflame, Gardevoir, Gyarados, manyan da kowa ya sani ne, sai Gothitelle da ke hana abokin gaba janye halittarsa.

Mutumin nan bai yi watsi da jadawali ba. Ya san shi ne fiye da waɗanda ke bin sa ido rufe, har ya hango abin da kowa zai kawo, da shirin da kowa ya yi, da ƙofar da shirin ya bari a buɗe. Kujera ɗaya cikin shida ya ba baƙuwa, don aiki ɗaya takamaimai, a gasa ɗaya. Shekara ta zagayo, a Boston a 2015, manyan tawagogi suka cika da Kangaskhan da Landorus da Cresselia da Heatran da ita Amoonguss ɗin. Pachirisu ba ta gaji sarauta ba, kuma ba ta buƙata.

Don haka idan kai sabo ne, shawarata ba mai daɗin ji ba ce: ɗauki tawagar da gwanaye suka riga suka gina, daga saman jadawali, ka buga da ita har ka gane dalilin kowane zaɓi da ke cikinta. Wasu na ganin wannan kwaikwayo ne mai zubar da aji. Ni ban ga haka ba. Idan tawagar mai kyau ce ka sha kashi, ka san laifin daga hannunka yake, ka san abin gyarawa. Idan kuwa tawagar ma ta kanka ce, ba za ka taɓa rabe ko gini ne ya rushe ko bugu ne ya ɓaci ba, sai ka yi ta canza halittu alhali matsalar tana wajen yanke shawara. Kuma ko ba za ka ɗauki na sama ba, dole ka san su, don su za ka yi ta gamuwa da su. Wannan shi ne babban amfanin jadawalin ƙirga: sunayen abokan gabanka ne aka ba ka tun kafin a shiga fili.

In ka fara gina taka, kowace daga cikin shidan ka iya faɗin aikinta a jimla ɗaya. Wannan ita ke watsa duwatsu. Wannan ita ke share su. Wannan ita ke shiga gaban harin ƙasa. Wannan ita ke ƙarasa wasa idan an gajiyar da kowa. Shida daga ajin S da ke tsoron abu ɗaya sun fi shida na tsakiya masu rufa wa juna baya saurin faɗuwa. Sannan idan zuciyarka ta nace sai ka sa wadda kake ƙauna, yi mata tambayar da Park ya amsa: me take yi wa wannan tawaga da babu wata ta sama da ke yin sa fiye da ita? In akwai amsa, bismillah, ka gwada, ka kuma gwada da yawa. Nasara ɗaya ba hujja ba ce, faɗuwa ɗaya ma haka, domin wasa ne mai sa'a a ciki: harin Focus Blast sau 70 cikin 100 yake samu, bugun sa'a kuma yakan faɗo sau ɗaya cikin 24. Wanda ya ci gwani sau ɗaya saboda hari ya kuskure, ya fita yana shelar ya ƙaryata jadawali, ƙaramin sani ne ya yi masa ƙuƙumi. (Ku kuma masu bin na sama, ku daina yi wa yaron da ya zo da Pikachu dariya. Ku nuna masa lissafin, kamar yadda wani ya nuna muku.)

In kuma babu amsa, ba a ce ka rabu da ita ba. Ai dalilin kafa ajujuwan ƙasa ke nan tun asali: a hana manya shiga, don halittar da ba ta da wuri a OU ta samu filin da za ta yi tasiri. Dokar gefe ɗaya take: ta ƙasa tana iya hawa sama ta yi wasa, ta sama ba ta saukowa. Duba ajin da taka take a wannan watan, ka shiga can da ita. RU da NU da PU ba wasan yara ba ne. Suna da gwanayensu da gasanninsu, suna da nasu jadawalin S da A da B, har da nasu jerin korarru da suka fi ƙarfin ajin amma ba su samu shiga na sama ba.